Rikicin iyakar gona: a rubuta tun ana shiri

Sharhinmu na yau zai duba rikicin iyakar gona tsakanin maƙwabta a karkarar Sakkwato.

Kowace shekara, da zarar manoma sun fara sharar gona da kai taki, zaurukan masu unguwanni da hakimai kan cika da ƙararraki iri ɗaya. Wannan ya ce maƙwabcinsa ya ci masa iyaka, wancan ya rantse a nan ya tashi ya ga mahaifinsa yana tsayawa. Idan aka je aka duba wurin da ake ta da jijiyar wuya a kansa, sau da yawa bai wuce kunya biyu ko uku ba. Amma a kan wannan 'yar ƙasa ake daina gaisawa, a fasa auren da aka sa wa rana, wani lokaci har a kai ga sanda da adda.

Ba a cin iyaka rana ɗaya. Mai huɗa ya zo ƙarshen gona, ya juya shanu, garma ta ɗan yanki gefen maƙwabci. Baɗi sai ya bi sabuwar kunyar, ya ƙara wata. Gambar da ke kan layi an yanke ta an yi zana, wutar shara ta cinye tushenta. Aguwar da kaka ya dasa ta bushe, aduwar da kowa ke kwatance da ita an sare ta an sayar da itacen. Ranar da mai gona ya farga, babu abin da zai nuna. Abin da ya rage shi ne ya nemo dattijon da ya san asalin wurin, sai a ce masa ai ya rasu bara, 'ya'yansa kuma suna ci-rani a Kudu.

Nan matsalar take. Iyakokin yawancin gonakinmu suna ajiye ne a kawunan tsofaffi da jikin tsirrai, kuma dukansu biyu ba masu dawwama ba ne.

A fadama abin ya fi tsanani. Daga Goronyo da Wurno zuwa Kwalkwalawa da Wamakko, gulbin Rima kan yi ambaliya ya shafe kunyoyi, ya jibge yashi a nan, ya zaftare gaɓa a can. Waɗanda suka ga ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda ta yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sun san yadda ruwa ke mayar da gonaki da yawa fili ɗaya. In ruwa ya janye, kowa sai ya auna da idonsa, ido kuwa yakan karkata wajen mai shi. Ga shi ƙasar fadama tana ba da albasa da tafarnuwa da shinkafa, don haka taƙi ɗaya a wurin kuɗi ne.

Sai kuma birni da ke ta miƙe ƙafa zuwa Wamakko da Kware da Dange-Shuni da Boɗinga. Gonar da jiya ake lissafinta da dammunan gero, yau dillalai na lissafinta da fuloti. Gefen da maƙwabta suka shekara talatin suna yafe wa juna, yanzu ya zama abin kai ƙara. Haka rabon gado: gonar mutum ɗaya ta koma hannun magada goma, kowane rabo ya haifi sabuwar iyaka, mafi yawansu kuma da baki aka yi su.

Addini bai bar wannan batu a sake ba. Ya tabbata a hadisan Buhari da Muslim cewa akwai azaba mai tsanani ga wanda ya zalunci wani ko da taƙi ɗaya na ƙasa, kuma Muslim ya ruwaito tsinuwa ga mai sauya alamomin iyaka. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum kan hanyoyin mallakar ƙasa, mai suna Ta'alimur Radi, tun a farkon daular Usmaniyya.

Akwai kuma hukuncin da ya kamata kowane manomi ya sani, wato hauzi. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke bi, idan wani bare ya riƙe ƙasa yana nomawa shekara goma a kan idonka, kana gari, ba abin da ya hana ka magana amma ka yi shiru, to da'awarka na iya faɗuwa. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo, kuma hukuncin bai shafi gonar da aka tabbatar aro ce ko jingina ko haya ba. To amma ta yaya za a tabbatar da aron da aka yi a gindin bishiya, shekara ashirin da suka wuce, shaidun kuma duk sun kwanta dama? Kawaici hali ne mai kyau, sai dai a sha'anin ƙasa yakan bar wa 'ya'ya shari'a.

A ɓangaren gwamnati, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha amana a hannun gwamna, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon bayar da takardar mallaka ta gargajiya a karkara. Jihar Sakkwato na da ƙananan hukumomi 23, amma manomi nawa ne a cikinsu ke riƙe da irin wannan takarda? Yawanci ba su ma san da ita ba. Don haka idan sulhu ya gagara wajen mai unguwa da hakimi da uban ƙasa, sai kotu. Can kuwa ga kuɗin mota, ga na ɗauko shaidu, ga ɗage zama, ga ɗaukaka ƙara. Wani sai ya sayar da sa domin kare kunya uku, damina kuma ta wuce gonar tana kwance.

Maƙwabtanmu na Nijar, nan tsallaken Illela, sun gwada wata hanya. Dokarsu ta karkara ta 1993 ta samar da kwamitocin ƙasa har zuwa matakin ƙauye, inda ake rubuta ciniki da kyauta da aro da jingina a ba mutum takarda a hannu. Ba ta kawar da rikici ba, amma ta nuna cewa rubuta ƙasa ba sai mai kuɗi ko ɗan birni ba.

Shawarar wannan sharhi ita ce a yi aikin tun ana shiri da juna. Kafin ruwa ya sauka, maƙwabta su fita tare da mai unguwa da sarkin noma da liman da dattawan da suka rage, a taka iyaka daga kusurwa zuwa kusurwa. A tafi da matasa, domin su ne za su gaji gonar da maganar. A kafa turakun siminti, a dasa aguwa ko jema a kan layi. A rubuta wa ke gabas, wa ke yamma, wa ke kudu, wa ke arewa, da boko ko da ajami, kowa ya sa hannu ya riƙe tasa, a ajiye ɗaya wajen hakimi. Wayar hannu ma tana ɗaukar hoto da alamar wuri. Duk aro ko jingina, ko tsakanin wa da ƙane ne, a rubuta shi, kada a ɗauke shi rashin yarda.

Ƙananan hukumomi su buɗe rajistar gonaki mai sauƙin kuɗi, su kai ta ƙauyuka. Masu sarauta kuma su tsare mutuncinsu: wanda ke karɓar la'ada a cinikin fili ba zai iya raba gardama a kansa ba.

Tun ran gini tun ran zane. Wuni ɗaya da za a ɓata ana taka iyaka cikin raha ya fi arha a kan shekarun zaryar kotu.

Ƙarshen sharhin ke nan. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.