Gyaran jiki: Lokaci ya yi da doka za ta fayyace wa zai riƙe wuƙa, wa zai riƙe allura

Duk mai bin shafukan Instagram da TikTok ya saba cin karo da tallan gidajen gyaran jiki na Wuse 2 da Maitama da Gwarimpa a Abuja, ko na Lekki a Legas. Wasu na tallan allurar Botox mai ɓoye tamoji, wasu na cika leɓe da kumatu, wasu na ƙarin ruwan hasken fata, wasu kuma na zuƙe kitsen ciki a mayar da shi mazaunai. Kusan kowane mai talla yana sanye da farar riga irin ta asibiti, bangon bayansa cike da takardun shaida. Abin da ba kasafai mai zuwa neman gyaran ke tambaya ba shi ne wace hukuma ce ta yi wa mai wannan hannu rajista, kuma har ina ta yarje masa ya kai. Ko da ya tambaya, dokokin Najeriya rabin amsa kawai za su ba shi.

Rabin da doka ta fayyace shi ne wane ne likita. Dokar Likitoci da Likitocin Haƙori, wadda ke Babi na M8 a kundin dokokin tarayya na 2004, ta ɗora wa hukumar MDCN alhakin riƙe rajistar likitoci, ta kuma mayar da shi laifi mutum ya yi aikin likita ko ya kira kansa likita ba tare da rajista ba. Kafin a kai ga cikakkiyar rajistar sai an yi shekara 6 a jami'a da shekara 1 ta horon asibiti. Wanda ke son zama ƙwararren likitan tiyatar gyaran jiki kuwa sai ya ƙara kimanin shekara 6 yana aiki ƙarƙashin manya, ya ci jarrabawar Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin a Legas, ko ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma.

Sai dai dokar ba ta zo da jadawalin da ya ce aiki kaza na ƙwararre kaza ne ba. Ƙa'idojin ɗa'ar aikin likita sun bukaci kowa ya tsaya iyakar iyawarsa, amma likitan ne ke auna iyawar tasa, hukuma kuma ba ta cika waiwayarsa ba sai an kawo ƙorafi, wato bayan mai aukuwa ta auku. Saboda haka matashin da bai daɗe da gama hidimar ƙasa ba zai iya zuwa kwas na 'yan makonni a ƙetare, ya dawo ya buɗe ɗakin tiyata, yana amsa sunan likita kamar yadda wanda ya shafe fiye da shekara 12 yana koyo ke amsawa. A idon mai jinya babu bambanci tsakaninsu.

Giɓi na biyu ya fi wannan faɗi. Ma'aikatan jinya da ungozoma suna da majalisarsu, masu harhaɗa magunguna ma haka, kowace na iya soke lasisin wanda ya yi ɓarna. Masu gyaran fata da kwalliya ba su da irin wannan majalisa. Muddin aikinsu ya tsaya ga wanke fuska da dilka da tausa, babu abin damuwa. Amma yau da yawansu allura suke yi. Ko a gargajiyar Hausa, inda jarfa da tsagar ado aikin wanzami ne, sana'ar tana da Sarkin Aska, kuma an san gidan da kowane wanzami ya koyo. Abin takaici ne a ce mai sirinji a babban birnin tarayya ba shi da wanda zai tsawata masa.

Waɗannan ayyuka kuwa aikin asibiti ne, ko da an yi su don ado. Sinadarin Botox guba ce da ake sarrafawa ta zama magani, tana aiki ta hanyar sanyaya tsoka, idan ta zarce inda aka nufa sai fatar ido ta rufto ko haɗiya ta gagara. Maganin cika fata idan ya shiga jijiyar jini yana toshe ta, fatar wurin ta mutu, wani lokaci ma ido ya makance. Akwai allurar da ke narkar da wasu nau'o'insa, amma sai mai aikin ya gane alamar da wuri kuma yana da maganin a kusa. A aikin ƙara mazaunai, kitsen da aka tura cikin tsoka na iya bi ta manyan jijiyoyi ya toshe huhu, mutum ya cika cikin ɗan lokaci, shi ya sa likitoci ke lissafa shi cikin mafi haɗarin tiyatar ado. Ƙwarewa a nan ita ce sanin abin yi idan aiki ya ɓaci, da samun likitan sa barci, da jini, da ɗakin kula da masu tsananin ciwo. Inda babu waɗannan, garin neman gira ake rasa ido.

Abuja ba baƙuwar wannan darasi ba ce. A ranar 23 ga Oktoban 2005 uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, Stella Obasanjo, ta rasu a Marbella ta ƙasar Sifaniya bayan tiyatar zuƙe kitse. A 2009 wata kotu a Malaga ta sami likitan da laifin kisa ta hanyar sakaci, ta yanke masa ɗaurin shekara 1, ta hana shi aiki na shekara 3, ta kuma umarce shi ya biya diyyar Yuro 120,000. Kuɗi da muƙami ba su kare ta ba, amma an sami kotun da ta bi kadin ranta kan ainihin aikin da aka yi mata.

A gida labarin ya sha bamban. A Afrilun 2020 hukumar kare haƙƙin masu sayayya, FCCPC, ta rufe asibitin gyaran jiki na Med Contour a Legas bayan ƙorafe-ƙorafe kan ayyukan da aka yi a cikinsa. Sai a Mayun 2024 Babbar Kotun Tarayya ta yanke wa likitar da ke da asibitin ɗaurin shekara 1 ko tarar Naira 100,000. Laifin da aka same ta da shi shi ne ƙin ba binciken hukumar haɗin kai. An yi shekara 4 ana shari'a, aka ƙare da tarar da ba ta kai ko kusa da kuɗin tiyata ɗaya ba. FCCPC ta cancanci yabo, domin ta yi amfani da makamin da ke hannunta. Amma idan hukumar masu sayayya ce ke gaba wajen tsare ɗakin tiyata, to dokokin lafiya sun bar ƙofa a buɗe.

Hukumomi dai ba su yi kaɗan ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana buɗe cibiyar lafiya ba tare da takardar cika ƙa'ida ba. Legas tana da HEFAMAA mai rajistar asibitoci, Kano tana da PHIMA, Babban Birnin Tarayya yana da kwamitin rajista da sa ido kan asibitoci masu zaman kansu. NAFDAC tana duba maganin da ke cikin kwalba, ARCON tana duba talla, MDCN tana hukunta wanda ke cikin rajistarta. Gidan da ya yi rajista a CAC a matsayin wurin kwalliya, yana allura a ɗakin baya, yana sulalewa ta tsakaninsu duka: ga masu duba asibiti shi shago ne, ga MDCN kuma mai shi ba ɗanta ba ne.

Ba Najeriya kaɗai ke fama da wannan ba. Ingila ta yi doka a 2021 da ta haramta yi wa 'yan ƙasa da shekara 18 allurar Botox da ta cika fata don ado, sannan a dokar lafiya ta 2022 ta ba ministanta ikon kafa tsarin lasisi ga masu irin wannan aiki. Ƙasar da ta fi Najeriya yawan likitoci da masu sa ido ma sai da ta rubuta sabuwar doka.

Masu sana'ar za su ce ƙwararrun likitocin tiyatar gyaran jiki kaɗan ne a ƙasar nan, wasu na ficewa waje, waɗanda suka rage kuma na fama da masu ƙuna da yaran da aka haifa da tsagaggen leɓe da masu ciwon noma. Za su ƙara da cewa tsanantawa za ta kori mutane zuwa Turkiyya ko ɗakunan otal. Wannan hujja tana da nauyi, kuma ita ce dalilin da ya sa haramci ba shi ne mafita ba. Baligin da ya zaɓi gyara jikinsa yana da haƙƙin yin haka. Abin da ake bukata shi ne a raba aikin gida uku. Abin da bai huda fata ba a bar wa masu kwalliya, bisa lasisi da horon tsafta. Allura ta zama ta likita, ko ma'aikacin jinya mai horo na musamman da ke aiki ƙarƙashin likitan da ya duba mutum ido da ido. Duk abin da ya shafi yanka, ko zuƙe kitse, ko sa barci, ya zama na ƙwararren da MDCN ta rubuta ƙwarewarsa, a asibitin da ke da kayan ceton rai.

Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya za ta iya kai wannan jadawali gaban Majalisar Lafiya ta Ƙasa, inda kwamishinonin jihohi ke zama, kafin Majalisar Dokoki ta gyara dokar likitoci ta kuma ɗaga tara ta yi daidai da kuɗin da ake samu a harkar. Ya kamata kowane talla ya ɗauki suna da lambar rajistar mai aikin, rajistar ƙwararru ta zama a buɗe a intanet yadda kowa zai duba ta waya, a wajabta kai rahoton duk mutuwa ko mummunan rauni, a kuma hana taɓa 'yan ƙasa da shekara 18 sai da dalilin lafiya.

Wannan aiki zai bi ta teburin daraktoci da mataimakan ministoci da hadiman 'yan majalisa, waɗanda ke rubuta takardun da manya ke sa wa hannu. Su ne kuma matansu da 'ya'yansu da abokan aikinsu ke cikin masu ganin tallan. Inshorar lafiyar ma'aikata ba ta biyan tiyatar ado, kuma idan aiki ya ɓaci, Asibitin Ƙasa ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada ake garzayawa da mutum, iyali su ɗauki nauyin. Kafin doka ta zo, duk mai niyyar gyara ya nemi lambar rajistar mai aikin da lasisinsa na bana, ya tambayi kwalejin da ta ba shi ƙwarewa, wa zai sa shi barci, da asibitin da za a kai shi idan abu ya rikice. Wanda ya fusata da waɗannan tambayoyi bai cancanci a miƙa masa jiki ba.