Kocin unguwa, in za ka yi barkwanci, fara da kanka



Duk wanda yake zama a gidan kallon ƙwallo ya san cewa wani lokaci hirar da koci zai yi bayan an tashi wasa ta fi wasan kansa daɗi. A kan manta wanda ya ci ƙwallo, amma maganar koci ta yi shekaru ana maimaita ta a majalisa da teburin mai shayi. Mu ma muna cikin masu dariyar. Sai dai wani abu da ya faru a gasar matasanmu ta lokacin hutun makaranta ya sa muka ga ya dace mu yi magana.

Ba za mu ambaci suna ba, domin an riga an yi sulhu. Wani koci da yaransa suka yi nasara ya tsaya a tsakiyar jama'a ya ce mai tsaron ragar ɗaya ƙungiyar kwando ne, ko ruwa aka zuba masa sai ya wuce. Aka yi ta shewa, wani ya ɗauka da waya, kafin isha'i bidiyon ya zagaye WhatsApp. Yaron bai wuce shekara 16 ba. Ya daina zuwa fili, yayyensa suka ɗauki zafi, sai da dattawa suka shiga tsakani. Kocin ya rantse wasa yake yi, kuma mun yarda da shi. Amma magana zarar bunu ce.

Ba mu ce a daina raha ba. Manyan masu horarwa na duniya suna yin ta, sai dai a duba wa suke nufa da ita. A nan gida akwai Fanny Amun, wanda ya jagoranci Golden Eaglets suka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Japan a 1993, da su Nwankwo Kanu da Wilson Oruma. Abin da tsofaffin masu bin ƙwallo suka fi tuna shi da shi shi ne maganar da ya yi cewa da tangaɗi da tuntuɓe za su lallaɓa su kai wasan ƙarshe. Ya amsa cewa wasan nasu bai yi kyau ba, ya sa kansa a ciki, bai nuna yaro ɗaya da yatsa ba. Har yau ana maimaita ta a yi dariya.

Haka Claudio Ranieri ya yi a Leicester, ƙungiyar da Ahmed Musa ya koma a 2016. Da ya ga ana yawan zura musu ƙwallo, sai ya yi wa 'yan wasansa alkawarin pizza ranar da suka hana a ci su. Da suka doke Crystal Palace da ci 1 da nema a watan Oktoba na 2015 ya cika alkawari, amma ya sa su kwaɓa abinsu da hannunsu. A wajen atisaye kuma yakan kwaikwayi ƙarar ƙararrawa da baki don ya farkar da mai gyangyaɗi. Gyara ne yake yi musu, amma babu wanda ya ji an ci masa fuska. A ƙarshen kakar suka ɗauki kofin Firimiya.

Ko a ƙwallon Amurka, wadda ake sa hular kwano a rungumi ƙwallo a ruga da ita, darasin ɗaya ne. John McKay ya horar da Tampa Bay Buccaneers lokacin da aka kafa ta, aka ci su wasa 26 a jere daga 1976 zuwa 1977. A wannan hali ya yi suna wajen ba 'yan jarida dariya a kan halin da ƙungiyarsa take ciki, har ta farfaɗo ta kai matakin dab da wasan ƙarshe a kakar 1979. Shi kuwa Bill Belichick na New England Patriots, da Kansas City ta lallasa su da maki 41 da 14 a 2014, duk tambayar da aka yi masa amsa ɗaya yake bayarwa, wai su hankalinsu ya koma kan Cincinnati, ƙungiyar da za su kara da ita a gaba. 'Yan jarida suna neman ya ɗora laifi a kan wani ɗan wasa, ya ƙi. Amsar ta zama abin dariya a Amurka, su kuma suka ci Cincinnati, suka ɗauki kofin wannan kakar.

Yanzu a dubi ɗaya ɓangaren. José Mourinho gwani ne wajen magana, shi ya yaɗa zancen ajiye motar bas a bakin raga da kowa yake faɗa yau. Amma a watan Fabrairu na 2014 ya kira Arsène Wenger ƙwararre wajen faɗuwa. Magoya bayan Chelsea sun ji daɗi. Bayan wata uku Wenger ya ci kofin FA, kuma a watan Oktoba na shekarar aka ga dattijon ya ture Mourinho a gefen fili a Stamford Bridge, duniya tana kallo. Idan manya masu furfura da albashin miliyoyi za su kai ga haka, me muke tsammani daga matasan da suke buga wasa a kan ƙasa, babu shinge tsakaninsu da 'yan kallo, babu ɗan sanda ko ɗaya?

Wani zai ce ai tsokana ita ce gishirin ƙwallo, kuma yaron da ba ya jure zolaya ba zai iya buga wa Nasarawa United a filin Lafiya ba, balle ya je Kano gaban magoya bayan Pillars. Da gaskiya a ciki. Sai dai ihun 'yan kallo daban, maganar koci daban. Koci uba ne a fili, abin da ya faɗa shi yara suke ɗauka. Mu kuma ba baƙin barkwanci ba ne. A garin da ake kira Lafiyar Barebari kowa ya san wasan Babarbare da Bafulatani, da na taubasai, da na kaka da jika. Wannan wasa yana da ƙa'ida: ido da ido ake yin sa, wanda aka tsokana yana da damar ramawa, kuma a rabu ana dariya. Magidanci ya tsaya cikin taro yana yi wa ɗan shekara 16 ba'a, yaron ba shi da bakin ramawa, wannan ya fita daga ƙa'idar.

Don haka muke roƙon kocinanmu, waɗanda muka san da aljihunsu suke sayen ƙwallo da ruwan leda, su kiyaye abu uku a gasa mai zuwa. In an ci ku, ku yi rahar a kan kanku, kamar ka ce yau dabararka ta kwana a gida. In kun ci, ku bar yaran wasu da alƙalin wasa su tafi da mutuncinsu. Gyaran yaro kuma a yi shi a wajen atisaye, inda babu waya a sama. Masu ɗaukar bidiyo, kafin ka tura, ka tambayi kanka ko za ka so a ce ƙaninka ne a ciki.

Mun ji daɗi da kocin ya taka har gida ya ba yaron haƙuri, kuma muna fatan ganin sa a raga a gasa ta gaba. Mai ƙorafi ko shawara ya kawo ta taron wata, ƙofa a buɗe take.

Allah ya ƙara mana haɗin kai, ya shirya mana matasanmu. Amin.

Sakatare, a madadin ƙungiya