Kira ga Jama'ar Gwaska: A Ɗora Hannun 'Ya'yanmu Mata a Kan Kwamfuta

Jama'ar Gwaska, da 'yan'uwanmu na Dogon Dawa, da Kuyello, da Damari, da Randagi, da Kakangi, da duk wanda ƙasar Birnin Gwari ta haifa, yana gida ko yana nesa. Iyayenmu maza da mata, malamanmu na zaure da na boko, dagatai da masu unguwanni, ku ba ni aron kunnuwanku. Abu ɗaya nake roƙo: kada mu bari wata yarinya ta sake gama firamare a ƙasar nan ba ta taɓa kwamfuta da hannunta ba, ba ta san sunayen sassanta da aikin kowanne ba.

Wani zai ce, "Mutanen da ke neman kwana da ido biyu rufe, su za ka yi wa zancen kwamfuta?" Tambaya ce mai nauyi, kuma babu wanda ya isa ya raina ta. Ba mu manta da Asabar 5 ga Mayu, 2018 ba, ranar da 'yan bindiga suka afka wa Gwaska suka kashe aƙalla mutum 45, suka cinna wa gidaje wuta. Ba mu manta da Maris na 2021 ba, da aka shiga firamaren Rama aka tafi da malamai uku. A 2021 ɗin ne kuma aka katse layukan waya na tsawon makonni, mutum ba ya iya jin muryar ɗan'uwansa. Maƙwabtanmu na Kuriga sun ga tasu ranar 7 ga Maris, 2024, da aka kora ɗalibai fiye da ɗari cikin daji. Duk wannan mun sani, domin a jikinmu ya faru.

To amma ku dubi yarinyar da uwarta ta goya ta gudu da ita a ranar Gwaska. Yau ta isa zama a aji. Shanun da aka kore, in Allah ya hore, ana sayen wasu. Gonar da aka bari ana komawa a share ta. A ƙarshen 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari, aka yi sulhu, aka buɗe kasuwar kara da ta yi shekaru a rufe, kuma muna roƙon Allah ya ɗorar da zaman lafiya. Kasuwa ta jira mu har muka dawo. Shekarun yarinya ba sa jira. Wadda ta wuce goma sha biyu ba ta koyi abin da sa'o'inta na Kaduna da Zariya suka koya ba, babu wani sulhu da zai maido mata da waɗannan shekaru.

Ga dalilin da ya sa na matsa. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar shiga manyan makarantu a kan takarda, ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Wadda ke son Jami'ar Ahmadu Bello, ko Jami'ar Jihar Kaduna, ko Kwalejin Nuhu Bamalli, ko kwalejin horar da malamai, ta wannan ƙofa za ta bi. WAEC ma ta fara gwada jarrabawar kwamfuta ga masu zana ta da ƙashin kansu a 2024. Hanyar a bayyane take, kuma ba za ta juyo baya saboda mu ba.

Ku shiga ɗakin jarrabawar nan da idon zuci. Yarinya ta taso daga ƙauye tun asuba, ta biya kuɗin mota, ta zauna gaban allon da ke haske. Tambaya 180 ce, lokaci awa biyu, agogo yana gudu a gefen allo. An ce ta rubuta lambar rajistarta. Tana neman harafi ɗaya, idonta yana yawo a kan madannai, domin ba a jera su A, B, C kamar yadda ta saba a littafi ba. Ta taɓa linzami, kibiyar ta ɓace mata. Hannunta ya ɗauki rawa. Na kusa da ita ya riga ya kai tambaya ta goma. Amsar tana cikin kanta, ta karanta, ta haddace, amma hannu ya ƙi isar da saƙo. Sakamako ya fito, a ce ba ta da ƙoƙari, a ce kuɗi aka ɓata, gara a yi mata aure. Alhali abin da ake bukata a ɗakin nan kaɗan ne: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na zuwa tambaya ta gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Darasin yini ɗaya ne ga wadda ta saba. Ba a fafe gora ranar tafiya, jama'a, mu kuwa haka muke yi wa 'ya'yanmu kowace shekara.

Kuma asarar ba tata ba ce ita kaɗai. Wace ce za ta karɓi haihuwa a asibitin ƙauyenmu? Wace ce za ta koyar da 'yan aji ɗaya? Mun ga yadda ma'aikacin da aka turo daga nesa ke neman canji tun kafin ya sauke jakarsa, kuma ba za mu zarge shi ba, kowa yana son ransa. Wadda za ta zauna da mu a daɗi da wuya ita ce wadda cibiyarta ke binne a nan. Magidancin da ke cewa ba ya son namiji ya duba matarsa, shi ya fi kowa cancantar ya tura 'yarsa karatu. Ungozomar gobe da malamar gobe suna cikin gidajenmu yanzu, suna ɗebo ruwa, suna talla. In ba su iya kwamfuta ba, ba za su tsallake ƙofar farko ba.

Me za a koya musu? Ba wani abin tsoro ba ne. A fara da abin da ido ke gani, hannu ke taɓawa.

Na farko allo, wanda ke nuna rubutu da hoto. Na biyu madannai, inda ake buga haruffa da lambobi. A kama yatsun yarinya a ɗora manuniyarta ta hagu a kan F, ta dama a kan J. Za ta ji wani ɗan tudu ƙarami a kan kowanne. An yi shi ne don hannu ya gane mazauninsa ba sai ido ya duba ba. A nuna mata dogon madanni na ƙasa mai raba kalma da kalma, da wanda ke goge kuskure, da wanda ke sauka sabon layi. Na uku linzami, wanda ke jan kibiya a kan allo: ta riƙe shi da sassauci, ta danna sau ɗaya don zaɓe, sau biyu don buɗewa. Sai firinta mai fitar da aiki a takarda, da lasifika, da ƙananan ƙofofin da ake soka filas da wayar caji.

Daga nan a buɗe mata cikin akwatin ta leƙa. Abu uku ne manya a ciki, kuma duk yarinyar da ta taɓa taya uwarta aikin tuwo za ta gane su. Akwai rumbun ajiya, inda komai ke zaune ko an kashe wuta, kamar hatsi a rumbu. Akwai ma'ajiyar wucin gadi, ita ce faifan da ake ɗebo na yau a zuba. In faifai ƙarami ne aiki ya yi ta jan ƙafa, kuma da an ɗauke wuta abin da ke kai ya tafi. Akwai ƙwaƙwalwar na'ura, ita ce mai aikin, mai tankaɗe da tuƙi. Wadda ta fahimci wannan ba sai an yi mata faɗa kan adana aikinta ba, ta san abin da ba a mayar rumbu ba zai iya zubewa. A ƙara mata da ladabin na'ura: a kashe ta bisa ƙa'ida, kada a fizge waya, a rufe ta da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, kada a kawo ruwa ko koko kusa. Ranar da ta buga sunanta da na mahaifinta, ta ga sun fito a allo, tsoro ya ƙare. Abin da ya rage sabo ne.

Kada a ce babu wuta, babu sabis. Duk abin da na lissafa ba ya bukatar intanet ko kaɗan. Ko a makonnin da aka rufe layuka da an iya yin wannan darasi. Kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta fi cin wutar tsohon ƙwan lantarki guda ba; faifan sola ɗaya da batir, irin na masu cajin waya a bakin kasuwa, ya ishe ta. Ba sai an gina ɗaki an jera na'urori an kafa allon sanarwa da zai ja idon mugu ba. Na'ura ɗaya a jaka, malama ɗaya, yara goma, a zauren mai unguwa ko a Islamiyya da hantsi, kowa ta koma gidansu kafin la'asar. Ko matacciyar kwamfuta tana da amfani, ita ce ma ta fi daɗin koyar da kayan ciki, don babu fargabar lalatawa. Masu jiran layi kuma a zana musu madannai a kan kwali, su riƙa gwada yatsu har nasu ya zo. Da babu gara ba daɗi.

Saura tsoron da ya fi zama a zuciyar iyaye, wato tarbiyya. Sun ga abin da waya ke yi wa yara, sun ji abin da ake yaɗawa a TikTok da Facebook, suna gudun kada su buɗe ƙofar da ba za su iya rufewa ba. Wannan kishi ne na gari. Amma Baba, waya ta riga ta shigo gidanka, tana hannun yayanta, gobe tana hannun mijinta. Yarinyar da ba a koya mata ba ita ce mayaudari ke ce wa ta turo lambar sirrinta ta turo. Wadda ta koya a gaban malama, da sanin iyayenta, ita ce ke gane tarko tun daga nesa. Jahilci bai taɓa tsare mutuncin kowa ba.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke koyar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ga yaƙi da idonta, ta ga matan da rikici ya raba da gidajensu. Ba ta jira ƙura ta lafa ba. Ta kafa 'yan taru, ta naɗa malamai mata da ake kira jaji, ta ɗora musu malfa, suka riƙa taka ƙafa daga ƙauye zuwa ƙauye suna kai ilimi har cikin gidaje. Tsarin nan shi muke bukata yau: a koyar da mace ɗaya, ta koyar da goma, goman nan su koyar da ƙannensu.

Don haka ina kira.

Iyaye mata, ku ɗauke wa yarinya farantin talla na awa biyu, sau biyu a mako. Abin da za ta kawo daga baya ya fi ribar ƙosai. Iyaye maza, ku ba da izini da bakinku, ku je ku leƙa da idonku, gani ya kori ji.

Malamanmu da limamai, maganarku ake ji. Ku faɗa a kan mumbari cewa neman ilimi wajibi ne a kan mace kamar namiji, ku buɗe wa wannan darasi ƙofar Islamiyyu.

'Yan bokonmu da ke Kaduna da Abuja da Legas, da ƙungiyar ci gaban masarauta ta BEPU: kwamfuta nawa ke kwance a ofisoshinku da ƙarƙashin gadajenku tana shan ƙura? Ku gyara, ku aiko gida. Ɗalibanmu mata da ke manyan makarantu, hutun nan ku ba ƙannenku mako biyu. Masu shagon buga takardu da masu POS, ku ware safiya ɗaya a mako.

Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na Biyu, Allah ya ja zamaninka. In umarni ya fito daga fada zuwa hakimai da dagatai, babu zauren da zai ƙi buɗuwa.

Gwamnatin Jihar Kaduna da ƙaramar hukuma, a 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 don shirin AGILE na ilimin 'yan mata a jihohi bakwai, Kaduna tana ciki, kuma koyar da fasahar zamani na daga cikin ayyukansa. Muna neman rabon ya wuce bakin kwalta ya shigo ƙauyukan da suka fi shan wuya. Hukumar NITDA, da ƙungiyoyi irin su CITAD ta Kano da Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata ta Zariya, ku horar mana da malamai mata daga cikinmu, sauran aikin za mu yi.

Kowace shekara, ranar Alhamis ta huɗu a watan Afrilu, duniya na bikin ranar 'yan mata da fasahar sadarwa. Mu ɗauke ta a matsayin wa'adi. Kafin ta zagayo, kowace mazaɓa a Birnin Gwari ta samu aƙalla zaure ɗaya da ake wannan darasi, Gwaska ta zama ta farko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: mai na'ura ya kawo, mai zaure ya buɗe, mai ilimi ta koyar, mai 'ya ya turo. Kada ka jira gwamnati, kada ki jira baƙo. A wannan makon, a nemi mai unguwa, a rubuta sunayen yara goma, a sa rana. Allah ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, ya raya mana zuriya, ya sa mu sauke amanar da ya ɗora mana.