Mahautan Sallah da zargin da ke biyo bayansu



Duk shekara idan Babbar Sallah ta matso, Legas kan cika da 'yan uwanmu masu neman aikin yanka da fiɗa. Wasu mahauta ne na gado. Wasu kuwa 'yan ci-rani ne da suka sayi wuƙa da adda a satin, suna bin unguwanni gida-gida. Neman halal ne, ba mu raina shi.

Amma mu duba yadda aikin yake. Mai gida ya buɗe wa baƙo ƙofa, ya yini a tsakar gidan, ya ga inda janareta yake, ya ga ƙofar baya. Bayan mako biyu aka shiga gidan aka yi sata. Wa za a fara tunawa? "Aboki" mai wuƙa. Shi ya riga ya hau mota ya koma, sai a kama mai shayi ko mai gadin layin, wanda ya shekara goma a wurin ba a taɓa jin kansa ba.

Akwai kuma wadda ta fi wannan kusa da mu: ragon sata. Da zarar an feɗe shi an raba, shaida ta ɓace, domin nama ba ya da tambari. Ɓarawon dabba ba ya cin riba sai ya samu mahaucin da zai yanka cikin dare bai yi tambaya ba. Wanda ya karɓi irin wannan aiki ya san abin da yake yi, kuma bai cancanci mu je belinsa ba.

Mun ga abin da zargi ke haifarwa. Rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021 daga saɓanin mutum biyu ya faro. A watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna hanyar zuwa gida Sallah, bayan an ga kayan farautarsu.

Don haka muna roƙon Sarkin Fawa da shugabannin mayankar Oko-Oba a Agege su buɗe rajista tun kafin watan Zulhajji ya kama: suna, garin asali, da wanda ya tsaya wa mutum. A ba shi kati mai hoto. Wuƙaƙe su zauna cikin buhu sai an isa wurin aiki. Dabbar da aka kawo da dare ba mai ita, a ɗaure ta har gari ya waye, a kira Sarkin Fawa ya gani.