Kukan Giya da Sanyin Asuba Jawabi Ne

Da zarar iskar hunturu ta kankama, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙorafi ɗaya kan yawaita a bakin masu motocin giyar hannu: da asuba giya ta ɗaya da ta biyu kan yi gardamar shiga, wani lokaci har da gurnani, amma bayan tafiyar 'yan mintuna sai komai ya lafa. Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. Haka kukan giyabos yake. Abin takaici shi ne yawancinmu ƙara muryar rediyo muke yi.

Dalilin a fili yake. Man giya kan yi kauri idan ya kwana cikin sanyi, kamar yadda man shanu ke daskarewa a ƙwarya. A cikin giyabos akwai zobban tagulla waɗanda aikinsu shi ne daidaita gudun haƙora kafin su sarƙe, kuma mai mai kauri yana jinkirta musu wannan aiki. Saboda haka taurin da ya gushe bayan mai ya ɗumama ba abin tayar da hankali ba ne. Wanda ya ƙi gushewa shi ne abin dubawa, domin sau da yawa sanyi yana tona asirin lalacewar da zafi ya daɗe yana rufewa.

Kunne ma yana iya rarrabewa. Idan mota tana tsaye ba a giya ba, ƙarar na tashi, sai ta ɗauke da ka taka kuloci, ana zargin boris ɗin cikin giyabos. Idan kuwa taka kulocin ne ke tayar da ita, to boris ɗin kulocin ne ya gaji.

Babbar matsalarmu ita ce mantuwa. Direba yakan zaro sandar awon baƙin mai kullum safiya, amma galibin giyabos na hannu ba su da irin wannan sanda, shi ya sa man giya kan shekara da shekaru ba wanda ya leƙa shi. Awonsa yana ga wani noti a gefen giyabos. A ajiye mota a wuri mai bai ɗaya, a kwance notin. Ya kamata man ya kai daidai bakin ramin. Idan ya gaza, akwai yoyo, kuma ƙari ba tare da toshe yoyon ba zuba ruwa ne a rariya. Mai niyyar juye mai kuma ya fara kwance notin zubawa kafin na tsiyayewa, kada ya zubar da tsohon sannan ya tarar na sama ya ƙi motsi.

Sai batun irin man. Wasu kanikawa kan ɗura mai lamba 140 don ƙara ta yi shiru, mai mota ya tafi yana murna. Cutar tana nan, da asuba ma sai taurin ya ƙaru. Motoci da dama an ƙera su ne domin mai marar kauri sosai irin 75W-90, kuma harafin W yana nuni ne da halin man a lokacin sanyi. Haka nan inda kamfani ya rubuta GL-4, zuba GL-5 na iya cin zobban tagullar nan. Littafin mota shi ne alƙali.

A duba man birki ma, domin a motoci da yawa kuloci daga tulunsa yake sha. Ruwan lagireto kuwa sai inji ya huce ake buɗe shi.

Giyar da ta ƙi shiga a kan gangaren hanyar Jos, da fasinjoji cike da mota, ta wuce maganar kuɗin gyara. Ya kamata shugabannin tashoshi su mayar da duba man giya sharaɗin lodi a kowane farkon hunturu. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu.