Yoga a tsakar gida: a ɗauki motsin, a bar gaisuwar rana

Idan ana lissafin abin da rashin tsaro ya ci mana a yammacin Zamfara, rayuka ake fara ambata, sannan shanu da gonaki da kasuwanni. Haka ya dace. Amma akwai asarar da ba ta shiga lissafi, ita ce tafiyar ƙasa. Mutumin Kaya da ya saba taka sayyada zuwa gona mai nisa, ko ya ci kasuwar maƙwabta da ƙafa ya dawo, yanzu ya san iyakarsa. Shekarar 2021 kaɗai ta isa shaida: a watan Fabrairu aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe a ƙasar Mafara, a Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ran 1 ga Satumba kuma aka tafi da ɗalibai 73 daga sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya. Uban da ya ga wannan ba zai tura ɗansa gudun safe a bayan gari ba, shi kansa ma ba zai fita ba.

Tun kafin 'yan bindiga ma jikinmu ya fara koyon zama. Inji ya karɓi aikin dutsen niƙa, a gidaje da yawa ya karɓi na turmi da taɓarya, babur kuma ya karɓi na ƙafa. Ba kuka nake yi ba, domin duk wanda ya ga mahaifiyarsa tana surfe da daka tun hantsi har azahar ba zai so a koma gidan jiya ba. Sai dai jiki bai san uzuri ba. Malamin makaranta, tela, mai shago, ma'aikacin sakatariya, matar da ke cikin gida, da manomin da aka raba da gonarsa yana zaman jira a Mafara ko Maradun, duk a zaune suke wuni. Hawan jini da ciwon suga, waɗanda a da ake ce wa ciwon masu kuɗi, sun daina duba aljihu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce babban mutum yana bukatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da aƙalla kwana biyu na aikin ƙarfafa tsoka. To, a ina za a yi?

Shi ya sa ban yi dariya ba da masu karanta wannan fili suka tambaye ni game da hotunan bidiyon yoga da suke gani a YouTube da TikTok, musamman nau'in da ake kira binyasa. Tambayarsu biyu ce: ya halatta, kuma mutum zai iya yi shi kaɗai a gida?

Ga wanda bai taɓa gani ba, binyasa jerin motsi ne da ake ɗaure shi da numfashi, babu tsayawa a tsakani. Ka ɗaga hannuwa kana shaƙar iska, ka sunkuya kana fesarwa, ka mayar da ƙafafu baya ka tsaya a kan tafin hannu da yatsun ƙafa jiki a miƙe, ka sauko a hankali gwiwar hannu na manne da haƙarƙari, ka ɗago ƙirji, sannan ka tura ƙugu sama kai na ƙasa. Ka dawo ka sake, kana ƙara wasu tsayuwar a tsakiya. Daga nesa kamar wasa, amma minti goma ya isa ya jiƙa riga. Filin da yake ci bai wuce tabarma ɗaya ba. Babu kuɗin shiga, babu na'ura, babu fita waje, kuma mace za ta iya yi a ɗakinta ba tare da idon kowa ba. A halin da muke ciki wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Masu tallar yoga suna son cewa abin ya yi shekaru dubbai. Tushenta a addinan Indiya tsoho ne, gaskiya, amma wannan salon na gumi da sauri ɗan jiya ne. Wani malami mai suna Krishnamacharya ne ya tsara shi a shekarun 1930 a fadar sarkin Maisur da ke kudancin Indiya, inda yawancin almajiransa samari ne. Ɗalibinsa Pattabhi Jois ya kai shi Amurka a 1975, daga nan ya bazu. Manazarcin nan Mark Singleton, a littafin da ya fitar a 2010, ya kafa hujjar cewa an ɗebo abubuwa da yawa daga atisayen 'yan kokawar Indiya da wasannin motsa jiki na Turawa. Akwai masu ja da shi. Ni dai da na ga saukowar nan a kan hannuwa, ban ga abin da zai ba ɗan ƙasar da ta yi Shago, ɗan damben nan da Ɗan Anace ya waƙe, mamaki ba.

Batun addini ba abin ɓoyewa ba ne. Jerin motsin da binyasa ta ginu a kansa, sunansa gaisuwar rana, kuma akwai masu yin sa suna fuskantar rana, suna haɗa tafukan hannu a ƙirji, suna ambaton sunayenta a matsayin abar bauta. Musulmi ba shi da rabo a nan. Addinin da ya hana nafila a daidai lokacin ɓullowar rana don gudun kama da masu bauta mata, ba zai bar mu mu yi mata gaisuwa da sunan neman lafiya ba. Malamai a wasu ƙasashe sun duba lamarin. A Nuwamban 2008 majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana Musulmi yoga saboda waɗannan abubuwa. A Janairun 2009 majalisar malaman Indunusiya ta bambance: wadda aka haɗa da ambato da ibadar wani addini haramun ce, wadda motsa jiki ce zalla ta halatta. A Nuwamban 2017 Saudiyya ta sa koyar da yoga cikin jerin harkokin wasanni da ake ba lasisi. Ni ba mufti ba ne, kuma kowa yana da malaminsa a unguwa, ya tambaye shi. Amma hankalina ya fi kwanciya da rarrabewar Indunusiya. Miƙe baya da tsayuwa a kan hannu ba mallakar wani addini ba ne. Abin da za a bari a fili yake: ambaton da ba ka san ma'anarsa ba, haɗa tafuka, fuskantar rana da niyya, da kuma bidiyon da shigar mai koyarwa ba ta dace da gidanka ba.

Inda na fi jin tsoro shi ne tambaya ta biyu, domin ita ba a cika yin ta da gaske ba. Bidiyon da suka fi jan ido su ne masu wahala, na mutanen da suka shekara goma suna yi, suna tsayuwa da ka, suna naɗe ƙafa a bayan wuya. Ku tuna, don samari aka tsara abin, kuma malaminsu yana tsaye a kansu yana gyara. Waya ba ta ganin ka. Magidancin da ya ba hamsin baya, wanda ya shekara ashirin a kan bencin shago, idan ya ce sai ya bi su taki-taki, wuyan hannu da kafaɗa ne za su fara biya, sai jijiyar bayan cinya da ƙashin baya. Mai hawan jinin da ba a daidaita ba, da mai hawan jinin ido, motsin da ke mayar da kai ƙasa ba nasu ba ne. Mai ciki da mai jego su ji daga bakin ma'aikaciyar asibiti tukuna, balle a arewacin Najeriya inda likitoci suka daɗe suna ganin yawan ciwon zuciyar bayan haihuwa. Wanda ya ji rauni a Landan, asibiti na bayan gidansa. Mu kuwa idan abin ya wuce targaɗen da maɗori zai taɓa, sai Gusau ko Sakkwato, a kan hanyar da kowa ya san halinta.

Ga kuma zafi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, ma'auni yana haura 40 a nan, su kuwa masu bidiyon a ɗaki mai sanyi suke. A yi da sanyin safiya ko bayan la'asar sakaliya, da ruwa a kusa, ciki ba a cike ba. Da azumi a bari sai bayan an sha ruwa an huta.

Ba kowa nake kira ba. Manomin da ya wuni a sunkuye yana dashen shinkafa a noman ranin Bakolori ya riga ya biya bashin gumi har da ƙari. Shi abin da yake bukata ɗan miƙe baya ne a hankali da yamma, sai kuma a bar shi ya je gonarsa ya dawo lafiya. Da masu zama nake. Su fara da auna jini a asibitin da ya fi kusa. Su nemi darasin masu koyo, su sauke shi sau ɗaya a waya don kada data ta cinye su, su yi minti goma, gwiwa a ƙasa idan hannu bai ɗauka ba. Numfashi ne ma'auni: da zarar ya fara yankewa, ko aka ji zafi mai suka a gaɓa, a tsaya. Bayan watanni sai a ƙara.

Roƙona ga malaman motsa jiki na makarantunmu da ma'aikatan lafiya na Mafara da Bakura da Maradun, maza da mata: ku ɗauki gajerun darussa da Hausa, cikin suturar da muka sani, babu ambato babu gaisuwar rana, ɗaya don maza ɗaya don mata, ku sake su a WhatsApp. Wayar da ke hannunku ta isa wannan aikin.