Linzami Ne, Ba Ɓera Ba: Darasi Daga Wani Shagon Wasa a Soba

Kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, na taɓa shiga wani shagon wasannin kwamfuta a Soba, kudu maso gabashin Khartoum. Na tarar da samari biyu Hausawa, jikokin mutanen da hanyar aikin Hajji ta kawo su ƙasar, suna gardama a kan wata 'yar na'ura da ɗayansu zai saya domin shiga gasa. Gaisuwarsu da barkwancinsu duk da Hausa suka yi. Amma da magana ta kai ga na'urar sai suka koma Larabci gauraye da Turanci, suna kiranta "mawus". Na tambaye su sunanta da Hausa, ɗayan ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ɓera ne."

Ra'ayina shi ne sunan da ya dace da ita shi ne wanda masu fassarar manhajoji suka riga suka ba ta, wato linzamin kwamfuta. Hujjata ta wuce kishin harshe. Wanda ya ɗauki na'urar a matsayin linzami zai fi iya zaɓen mai kyau a kasuwa.

Mu fara da asali. Douglas Engelbart na Amurka ne ya ƙirƙiro ta, ya nuna wa duniya a shekarar 1968. Da katako aka yi ta farko, kuma wayar da ta fito daga jikinta kamar wutsiya ce ta jawo mata sunan ɓera. Ke nan sunan Turanci siffa ya duba, kuma yau da ake yin marasa waya wutsiyar ma ta ɓace. Sunan Hausa kuwa aiki ya duba: abin da hannu ke riƙewa ya juya wani abu zuwa inda ake so. Haka Hausa ta saba yi. Jirgi na ruwa ne tun asali, da zamani ya zo aka samu jirgin ƙasa da jirgin sama. Ɗalibi ya kuma lura cewa ita kanta kalmar linzami daga Larabci ta zo, daga "al-lijam", kamar yadda "al-imam" ya zama liman, "al-khabar" ya zama labari. Samarin Soba suna da kalmar a harsunansu biyu, ba su dai haɗa ta da abin da ke hannunsu ba.

Yanzu mu gwada sunan a kasuwa. Abu na farko da kamfanoni ke rubutawa a kwali shi ne lambar DPI, wadda zan kira kaifin linzami. Ma'anarta yawan ɗigon da kibiyar allo za ta ƙetare idan hannu ya motsa inci ɗaya. Akwai linzaman da ake tallata su da kaifi 25,600. A allo mai faɗin ɗigo 1,920, motsin inci ɗaya a wannan kaifi zai ƙetare allon fiye da sau 13. Wa zai iya saita bindiga da haka? Shi ya sa da yawa daga ƙwararrun 'yan wasan Counter-Strike suke tsayawa a 400 ko 800. Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla a Kano ko Katsina ya san gwanin mahayi ba ya neman linzamin da ya fi kowane kaifi. Wanda doki zai ji ba tare da ya zabura ba shi yake nema. Kada a biya kuɗin lambar da ba za a yi aiki da ita ba.

Na biyu shi ne saurin rahoto, wato sau nawa linzami ke shaida wa kwamfuta inda yake a cikin sakan ɗaya. Na ofis yakan yi sau 125, tsakanin rahoto da rahoto kashi 8 cikin 1,000 na sakan. Na wasa yakan yi sau 1,000, tazarar ta koma kashi 1. Wannan bambanci ne da hannu ke ji a gasa. An fito da masu yin 8,000, amma suna wahalar da kwamfuta suna cin batir, kuma mai tsohon allo ba zai ga amfaninsu ba. A nan ne karin maganar nan ta dace: linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne dacewa da hannu. Riƙo iri uku ne. Akwai riƙon tafi, inda hannu duka ke kwanciya a kai. Akwai riƙon shaho, inda yatsu ke lanƙwashewa kamar farata. Akwai riƙon yatsa, inda kan yatsu kaɗai ke taɓawa. Mai babban hannu da ya sayi ƙaramin linzami zai kwana da ciwon wuyan hannu, komai tsadarsa. Nauyi ma abin dubawa ne. Logitech G Pro X Superlight da ya fito a 2020 bai kai giram 63 ba, kuma daga nan marasa nauyi suka cika kasuwar gasa. Mai harbi cikin hanzari zai so marar nauyi, amma a riƙa kafin a biya.

Sai yanayin ƙasa, wanda kwali ba ya faɗa. Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, mai waya ya fi kwanciyar hankali, ya kuma fi araha. Idan marar waya ake so, a nemi mai 'yar makarɓarsa ta musamman, domin Bluetooth yana da jinkiri. Ƙurar habub a Khartoum da ta hunturu a Kano kan toshe idon linzami, don haka shimfiɗa mai kyau da yawan gogewa sun fi fitilu masu launi amfani.

Wani zai ce, ai mun ari mota da rediyo, me zai hana mu ari maus? Gaskiya ne, aro ba laifi ba ne, kuma baki ba ya jiran izinin malamai. Amma aron suna ɗaya daban, miƙa fage sukutum daban. Abin da na gani a Soba shi ne harshen da aka bar wa gaisuwa da girki, aka hana shi ciniki da gardamar ilimi. Harshen da ya kai wannan matsayi a bakin saurayi da wuya ya kai ga ɗansa. Fagen kuma ba ƙarami ba ne: gasar duniya da aka yi a Riyad a 2024 kyaututtukanta sun haura dala miliyan 60, kuma yaranmu suna kallo.

Kaifi, saurin rahoto, riƙon shaho, ido da shimfiɗa shawarata ce, ba doka ba. Aikinku a wannan mako shi ne ku je shagon wasa mafi kusa, ku saurari abin da 'yan wasa ke cewa, ku rubuta kalmomi goma, sannan ku gwada bayyana wa ƙanenku yadda ake zaɓen linzami da Hausa zalla. Inda kuka cije, nan ne aikin ƙirƙirar kalma yake jiranku.